Wabi a Ma'aunin Ƙididdiga: Lissafin Ciwon da Ba Ya Zuwa Shi Kaɗai

Tun kafin masana ƙididdiga su samo hanyar lissafa wannan matsala, Bahaushe ya riga ya raɗa mata suna: wabi. Mace ta haihu, jaririn ya koma. Ta sake haihuwa, wannan ma ya bi sawun ɗan'uwansa. In na uku ya zo, sai ka ji an kira shi Ajuji ko Abarshi, in mace ce Ayashe, suna mai ɗauke da fargaba da roƙo a lokaci guda. Duk kakar da ta laƙaba wa jikanta irin wannan suna ta gane cewa rasuwar yaro na biyu ba baƙuwar ta farko ba ce. Akwai abin da ya haɗa su. Wataƙila jinin iyaye ne, kamar sikila. Wataƙila rijiyar gidan ce, ko kwanika, ko nisan asibiti, ko rumbun da ke ƙarewa kafin kaka. A 1990 masaniyar ƙidayar jama'a Monica Das Gupta ta wallafa bincikenta kan ƙauyukan Punjab na Indiya, inda ta nuna cewa mace-macen yara ba su rarrabu daidai a tsakanin gidaje ba, sun taru ne a hannun iyalai ƙalilan. Abin da kakanninmu suka gani da ido, ita ta gan shi a alƙaluma.

Reshen ƙididdigar da wannan magana ta shafa shi ne lissafin lokacin aukuwa. Ba ya tsayawa a kan ko abu ya faru ko bai faru ba, yana so ya san yaushe. Bayan an yi wa mutum aiki, wata nawa kafin ciwon ya dawo? Bayan an yi wa yaro rigakafi, kwana nawa kafin zazzaɓi ya kwantar da shi? Tushensa ya daɗe: John Graunt ya yi nazarin takardun mace-macen Landan a 1662, Edmond Halley kuma ya tsara jadawalin tsawon rai daga bayanan birnin Breslau a 1693. Wahalar da ta keɓanta da wannan fanni ita ce, bincike yakan ƙare alhali abin da ake jira bai sami mutane da yawa ba. Wasu sun ƙaura, wasu sun daina zuwa, wasu kuma wa'adin binciken ne ya cika suna nan lafiya. Ba za a rubuta cewa sun tsira ba, ba kuma za a jefar da su ba. Iyakar abin da aka sani shi ne har ranar da aka rabu da su, abin bai same su ba. Bari mu kira wannan yankewar bibiya. A 1958 Edward Kaplan da Paul Meier suka fitar da hanyar zana yadda mutane ke raguwa a kan lokaci ba tare da an yi asarar waɗanda bibiyarsu ta yanke ba. A 1972 David Cox na Birtaniya ya kawo tsarin da ke gwada rukuni biyu da lamba ɗaya, wato ma'aunin haɗari: in ya fito 0.5, to a kowane lokaci, cikin waɗanda abin bai riga ya sama ba, haɗarin masu shan magani rabin na sauran ne. Da wuya ka buɗe mujallar likitoci a yau ba ka ci karo da waɗannan hanyoyi biyu ba.

Sai dai dukansu an gina su ne a kan sharaɗi guda wanda ba a cika faɗinsa ba: kowane layi a takardar bayanai mutum ne daban, abin da ya same shi ba ya ba da labarin abin da zai sami na kusa da shi. Alƙalin da ya san aikinsa, in aka kawo masa shaidu goma, zai fara tambayar kowa inda ya samo labarinsa. In ta bayyana cewa duk goman daga bakin mutum ɗaya suka ji, to shaida ɗaya ce a gabansa, sauran amsa-kuwwa ne. Haka bayanan asibiti suke. Idanu biyu na mutum ɗaya, 'ya'ya biyar na uwa ɗaya, yara ɗari na ƙauye ɗaya, zazzaɓi shida a jikin yaro ɗaya: duk shaidu ne da suka haɗa baki, wasu sosai, wasu kaɗan. Aikin shi ne a gane nauyin shaidar da ke hannu, kada a ƙara mata, kada a tauye ta.

Misalin da ɗalibai suka fi sani ya fito ne daga Amurka. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa ta fara gwaji kan masu ciwon suga da cutar ta taɓa musu jijiyoyin cikin ido, mutum fiye da 1,700. Kowane majinyaci aka yi ƙuri'a tsakanin idanunsa biyu: ɗaya a ƙona jijiyoyin da suka lalace da haske mai ƙarfi, ɗayan a bar shi. Aka yi ta bibiya don a ga wane ido zai fara rasa gani. Bayanan mutum 197 daga cikinsu, masu haɗari sosai, su ne suka zama abin koyarwa a littattafai, kuma a cikinsu idanun da ba a yi wa aikin ba sun makance kusan ninki biyu na waɗanda aka yi wa. Wanda ya ɗauki idanu 394 kamar mutane 394 ya yi kuskure, amma kuskuren da mutane ba su zata ba. Tun da idanun biyu suga ɗaya suke sha, hawan jini ɗaya, shekaru ɗaya, gwada su da juna ya fi gwada baƙi biyu tsabta. Mai lissafin da ya manta da wannan zai kumbura shakkarsa, ya raina hujjar da ke hannunsa.

A gwajin da ake raba magani ƙauye-ƙauye, kuskuren juyawa yake yi, kuma nan ne haɗarin ya fi girma. A 2018 aka wallafa sakamakon gwajin MORDOR, wanda aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya: garuruwa da ƙauyuka 1,533, aka yi musu ƙuri'a, wasu a ba yaransu 'yan wata 1 zuwa 59 maganin azithromycin sau biyu a shekara, wasu a ba su abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki. Mace-macen yara sun ragu da kashi 13.5 cikin ɗari gaba ɗaya, a Nijar kuma, inda aka yi aikin a jihar Dosso, da kashi 18.1. Yaran sun kai kimanin 190,000, amma ƙuri'ar a kan ƙauyuka aka yi ta, don haka ƙauye ne shaida, kuma da haka masu binciken suka yi lissafinsu. Leslie Kish ya ba da ƙa'idar a 1965, kuma mai sauƙi ce: a ɗauki yawan mutanen rukuni a cire ɗaya, a ninka da ƙarfin kamannin da ke tsakaninsu, a ƙara ɗaya. A ƙaddara ƙauye mai yara 101, kamanninsu kuma ɗan kaɗan ne, 0.02 kacal. Ɗari sau 0.02 biyu ke nan, a ƙara ɗaya uku. Ma'ana, yara 3,030 daga ƙauyuka talatin nauyin shaidarsu bai wuce na yara 1,010 da aka tsinto daga wurare mabambanta ba. Tsintsiya ce, maɗaurinta ɗaya. Wanda ya ƙirga tsinke-tsinke zai yi shelar nasarar da ba ta tabbata ba, kuma a kan irin wannan shela ake sayen magani na miliyoyi.

Masana sun kasu gida biyu wajen magance wannan. Gida na farko suna cewa dangantakar ba ita ce abin nemanmu ba, damuwa ce kawai da za a kawar. Sai su yi lissafin Cox yadda aka saba, daga baya su gyara girman shakka ta hanyar tattara gudunmawar kowane rukuni wuri ɗaya. Danyu Lin da L. J. Wei sun shimfiɗa wannan gyara a 1989, Lee da Wei da Amato suka faɗaɗa shi ga rukunoni a 1992. Amsar da ake samu ta jama'a ce: in aka ba al'umma duka wannan magani, yaya haɗarinta zai sauya? Ga ma'aikatar lafiya mai tsara kasafi, wannan ita ce tambayar.

Gida na biyu suna ganin dangantakar ita kanta labari ce, kuma hanyarsu ta fi jan hankalina, domin ita ce ta fi kusa da wabi. A 1979 James Vaupel da Kenneth Manton da Eric Stallard suka shigo da tunanin raunin ɓoye: kowane mutum, ko kowane gida, yana ɗauke da wata lamba da ba a gani, wadda ke ninka haɗarinsa. Gidan da lambarsa ta kai uku, duk yaransa suna cikin haɗari ninki uku na matsakaicin gida. Wanda tasa rabi ce, rabi. Ba a iya auna lambar kowane gida kai tsaye, amma daga yadda aukuwar ke taruwa ana iya ƙiyasta yadda gidaje suka bambanta. Shekara ɗaya kafin nan, a 1978, David Clayton ya riga ya fitar da tsari mai kama da wannan don ya gano ko cututtukan da ke daɗewa suna bin dangi. Philip Hougaard na Denmak ya ƙara wasu siffofi a 1986, saboda siffar da aka zaɓa wa raunin tana da tasiri: wata tana ɗauka cewa dangantakar ta fi ƙarfi a ƙarshen rayuwa, wata a farkonta. Tagwayen Denmak sun zama babban filin gwaji. Nazarin da aka wallafa a 1996 kan tagwaye 2,872 bibbiyu, waɗanda aka haifa tsakanin 1870 da 1900, ya gwada masu ƙwai ɗaya da masu ƙwai biyu, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin tsawon rai ne kawai za a jingina wa gado. Akwai kuma hanya ta tsakiya da ake kira kofula, wadda tushenta ke komawa ga Abe Sklar a 1959: a lissafa halin kowane ɓangare shi kaɗai, sa'an nan a ɗaure su da igiyar da ke nuna ƙarfin dangantakarsu.

Ba sai an je Denmak ba kafin a ga raunin ɓoye. Duk ma'aikaciyar jinya da ta yi aiki a ɗakin masu sikila ta san akwai fuskokin da ta haddace, masu dawowa wata-wata, akwai kuma masu jini iri ɗaya da sai a shekara ba a gan su ba. Orah Platt da abokan aikinta sun auna wannan a Amurka a 1991: kashi 39 cikin ɗari na masu cutar ciwon bai tasar musu ba ko sau ɗaya a lokacin bibiya, amma kashi 5.2, masu tashin ciwo sau uku zuwa goma a shekara, su suka ɗauki kashi 32.9 na dukan tashin ciwon da aka ƙirga. Matsakaicin lamba a irin wannan hali ba ta wakiltar kowa.

Raunin ɓoye yana da wata illa mai yaudara, kuma tana da wuyar ganewa sai an bi ta a hankali. A ɗauki yara rukuni biyu, an yi wa ɗaya rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ɗayan ba a yi ba. A kowane rukuni rabin yaran a bakin fadama suke kwana, rabi a tudu. Ana ƙirga zazzaɓin farko ne kawai, wanda ya kamu sai a cire shi daga lissafi. A rukunin da ba rigakafi, yaran fadama za su kamu da wuri, su fita, a bar na tudu. A rukunin masu rigakafi, yaran fadama da yawa suna nan, allurar ta jinkirta musu. Bayan wata shida, kwatancin ya zama tsakanin yaran tudu marasa rigakafi da gaurayen yaran fadama da na tudu masu rigakafi. Alƙaluma za su nuna kamar allurar ta yi sanyi, ko da ƙarfinta na nan yadda yake. Rigakafin yakan yi sanyi da gaske ma, saboda garkuwar da ya bayar tana raguwa a jini, amma raba sanyin gaske da na lissafi ba ya yiwuwa in zazzaɓin farko kaɗai aka rubuta. Saboda wannan dalili ne kuma ma'aunin haɗarin da gida na farko ke bayarwa yakan fi kusa da 1 a kan na gida na biyu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ɗaya yana magana ne a kan jama'a, ɗayan a kan yaro da ɗan'uwansa masu rauni iri ɗaya.

Nan muka iso inda nake ganin maganar ta fi shafarmu, wato ciwon da ke dawowa a jiki ɗaya. Tsohuwar al'adar gwajin magani ita ce a ƙirga aukuwar farko, a rufe littafi. Tana da hujja: mutum ɗaya, layi ɗaya, babu rikicin dangantaka. Amma a dubi abin da ake zubarwa. A gwajin da aka wallafa a 1991 kan wata cutar gado mai raunana garkuwar jiki, majinyata 128, an ba 63 maganin interferon gamma, 65 allurar da ba magani. Waɗanda suka kamu da mummunar cuta aƙalla sau ɗaya: 14 a ɓangaren magani, 30 a ɗayan. Da aka ƙirga dukan kamuwa sai ya zama 20 da 56. Kamuwa 32 cikin 76 ba za su shiga lissafin farko ba, kuma 26 daga cikinsu a ɓangaren da ba magani suke. A babban gwajin hydroxyurea na 1995, kan manya 299 masu sikila, matsakaicin lokacin tashin ciwo na farko ya kasance wata 3.0 ga masu magani, 1.5 ga sauran. Na biyu kuwa wata 8.8 da 4.6, yawan tashi a shekara 2.5 da 4.5. Mai sikila ba ranar tashin farko yake tambaya ba, shi da ya riga ya sha ɗaruruwa. Yana tambayar dare nawa zai kwana a gida bana. Gwajin SPRING da aka yi a asibitocin arewacin Najeriya, har da Kano, kan yara 220 masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar jiki, ya gwada ƙaramin awo na hydroxyurea da matsakaici. Wajen shanyewar jiki, wadda ba ta auku da yawa ba, ba a ga bambanci ba. Wajen yawan kwanciya a asibiti, abin da ke maimaituwa, an ga matsakaicin awo ya fi amfani.

Hanyoyin ƙirga maimaituwa guda uku ne suka yi suna, kuma bambancinsu yana cikin amsar tambaya ɗaya: wane ne ake ɗauka yana cikin haɗarin aukuwa ta biyu? Per Kragh Andersen da Richard Gill, a 1982, suka ce duk wanda ake bibiya yana cikin haɗari a kowane lokaci, in ya kamu ya warke sai ya koma layi, ba a bambanta kamuwa ta farko da ta biyar. Tsarin yana da sauƙi da ƙarfi, amma in ba a haɗa shi da gyaran shakka ba, yana ɗaukar zazzaɓi shida na yaro ɗaya kamar na yara shida. Lin da Wei da Yang da Ying sun daidaita wannan a 2000. Ross Prentice da Williams da Peterson, a 1981, suka ce ba ka shiga layin kamuwa ta biyu sai ka yi ta farko. Hankali ya yarda da haka, kuma hanyar tana nuna ko magani na aiki a karo na uku kamar yadda ya yi a na farko. Matsalarta ita ce tana warware ƙuri'a. Waɗanda suka kamu duk da suna shan magani mai kyau su ne mafi rauni a rukuninsu, alhali a ɗayan rukunin har masu ƙarfi sun kamu. Gwada su a zagaye na biyu ba adalci ba ne. Wei da Lin da Weissfeld, a 1989, da bayanan masu ciwon dajin mafitsara da ƙarin ke sake tsiro musu har sau huɗu, suka ajiye kowa a kowane layi tun ranar farko. Ƙuri'a ta tsira, amma an sa mutum a layin tsiro na huɗu tun bai yi na farko ba, kuma amfanin jinkirta na farko yana sake bayyana a na biyu da na uku, har ya kumbura sakamako. A ganina, in tambayar ita ce nauyin cuta a kan mutane, ƙirga dukan aukuwa tare da gyaran shakka, ko tsarin ƙirga mai la'akari da bambancin mutane, ya fi gaskiya da sauƙin bayani. Hanyar Prentice ta fi dacewa da mai son fahimtar halin cutar, ba mai yanke hukunci kan magani ba.

Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S ya nuna amfanin wannan a fili. An gwada shi daga 2009 zuwa 2014 a wurare 11 cikin ƙasashen Afirka bakwai, har da Gana da Burkina Faso, a kan yara 15,459. Sakamakon farko na 2011 ya nuna kariya ta kusan kashi 56 cikin ɗari daga zazzaɓin farko cikin shekara guda, ga yara 'yan wata 5 zuwa 17. Sakamakon ƙarshe na 2015, wanda ya ƙirga dukan zazzaɓi cikin kimanin shekara huɗu, ya ba da kashi 36 ga waɗanda suka sami allura ta huɗu. Wanda ya tsaya a nan zai ce abin ya yi kaɗan. Amma a wannan rahoton akwai wata lamba: a cikin kowane yara 1,000 da aka yi wa, an kauce wa zazzaɓi 1,774. Lambar ta fi yawan yaran, kuma ba za ta yi ma'ana ba sai ga wanda ya san cewa yaro ɗaya yana iya kwanciya sau da dama a damina guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar a Oktoban 2021, ta amince da ta biyu, R21, a Oktoban 2023, Najeriya kuma ta fara ba da R21 a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Ko a nan akwai hukuncin da ba lissafi ke yanke shi ba: zazzaɓin da ya dawo bayan kwana goma, sabo ne ko tsohon ne bai mutu ba? Masu bincike sukan cire wasu kwanaki bayan kowace jinya daga ƙirga, a gwajin magungunan zazzaɓi kuma sukan duba tsatson ƙwayar cutar a jini don su bambanta sabon cizo da ragowar tsoho.

Saura abu mafi nauyi: mutuwa. Wanda ya rasu ba zai sake kwanciya a asibiti ba. In aka rubuta rasuwarsa a matsayin yankewar bibiya, kamar wanda ya ƙaura zuwa wani gari, lissafin zai ɗauka yana can yana ci gaba da fuskantar haɗari kamar kowa. Ba haka ba ne, kuma waɗanda suka fi yawan kwanciya su ne suka fi kusa da mutuwa. Maganin da ke gaggauta ajalin mafi rauni zai iya fitowa a takarda kamar mai rage kwanciya. Matsalar haɗurra masu rige-rige tsohuwa ce: a 1760 Daniel Bernoulli ya tambayi yadda tsawon rai zai ƙaru in aka kawar da cutar agana, ya sami kimanin shekara uku. A 1975 Anastasios Tsiatis ya tabbatar da wani abu mai sanyaya jiki: daga bayanan da ke nuna sanadin da ya riga zuwa kawai, ba za a iya gano dangantakar da ke tsakanin sanadai ba, komai yawan bayanan. Abin da za a iya lissafawa da gaskiya shi ne kason mutanen da abin ya sama zuwa wani lokaci, a duniyar da mutuwa ke nan. Hanyar Aalen da Johansen ta 1978 da ta Fine da Gray ta 1999 don haka aka yi su. Wanda ya yi amfani da zanen Kaplan da Meier a wannan hali zai ƙara wa haɗarin kitse. Ga ciwo mai maimaituwa, Ghosh da Lin a 2000 sun nuna yadda za a ƙirga matsakaicin yawan aukuwa ana sane da masu rasuwa. Wasu kuma suna ɗaure kwanciya da mutuwa da raunin ɓoye guda, a lissafa su tare. Stuart Pocock na Landan ya kawo wata dabara a 2012: a jera majinyata bibbiyu, ɗaya daga kowane rukuni, a fara duba wanda ya riga rasuwa, in ba a rabu a nan ba, sai a duba kwanciya. Ta haka mutuwa ba ta zama daidai da kwana biyu a gadon asibiti. Ƙirga komai ba ya ba da tabbacin nasara: gwajin PARAGON na masu raunin zuciya, a 2019, ya ƙirga dukan kwanciya haɗe da mace-mace, ya sami ragin kashi 13 cikin ɗari, amma bai kai matakin tabbacin da aka gindaya tun farko ba. Shi ya sa ake ɗaure wa masu bincike su rubuta hanyarsu kafin su ga sakamako, kada su gwada biyar su zaɓi wadda ta yi musu daɗi.

Kayan aikin ba su da tsada. Manhajar R kyauta ce, kuma kunshin lissafin da Terry Therneau na asibitin Mayo ya rubuta yana yin yawancin abin da na ambata a kan kwamfutar ɗalibi. Inda muke da gibi shi ne tun a wurin rubuta bayani. Uwa ta kai yaro asibiti a zazzaɓin farko, na biyu ta sayi magani a kemis, na uku katin ya ɓace aka yanka sabo da sabuwar lamba, sai yaro ɗaya ya zama yara biyu masu zazzaɓi ɗai-ɗai. Wa da ƙane suna zuwa ɗaki ɗaya, babu abin da ya nuna a rajista cewa uwarsu ɗaya. Yaro ya daina zuwa, aka rubuta "bai dawo ba", alhali a gida ya cika. Babu tsarin Hougaard ko na Clayton da zai gano dangantakar da alƙalami ya riga ya yanke. Cibiyoyin da ke bibiyar al'umma gida-gida, irin ta Navrongo a arewacin Gana da ta Nahuce a jihar Zamfara, darajarsu tana nan: suna ba kowane mutum lamba ɗaya, suna ɗaure shi da uwarsa da gidansa, suna rubuta ranar haihuwa da ƙaura da rasuwa. Da irin wannan rajista ne za a iya tambayar ko wabin wani yanki daga jini yake, ko daga ruwa, ko daga tazarar haihuwa, a kuma san gidan da ya kamata ma'aikaciyar lafiya ta fara yi wa sallama tun cikin na uku bai kai wata tara ba.